Alassan Garabite da Cibiyar Tanko

A Gaya, bakin hanyar da ke gangarawa gada, inda manyan motocin kaya, wato kamiyo, ke jeruwa suna jiran 'yan duwan masu binciken kaya su sallame su su tsallaka iyaka zuwa Malanbil, akwai wata rumfar facin taya. Mai rumfar sunansa Alassan. Faci kam yana yi, ba laifi, sai dai in ka kawo masa taya da safe gara ka zo da abincin ranarka, don ba zai taɓa ta ba sai ya gama ba ka labarin yadda ya tayar da injin jirgin ruwa da cokalin shayi. Babu abin da Alassan bai sani ba. In hadari ya haɗu, ya san unguwar da ruwan zai fara sauka. In akuya ta yi tari, ya san abin da ta ci.

Wata shekara da kaka, kawunsa ya faɗo daga kan kabu-kabu ya goce ƙugu, likita ya ce a kai shi Yamai wajen masu murza gaɓoɓi, waɗanda ake ce wa kine. Alassan ya ce shi zai raka shi, don ya san Yamai kamar yunwar cikinsa, alhali iyakar tafiyarsa a duniya Doso.

A can, kullum ana murza kawu yana salati, shi kuwa Alassan sai ya zagaya baya ya maƙale a tagar wani ɗaki da ake koyar da ɗalibai. Ya ga an kwantar da wani saurayi a kan katako, gefe ɗaya na katakon a kan balans mai auna nauyi, ɗayan a kan bulo, mushe, wato malaminsu, yana duba allurar balans yana rubutu a allo. Ya ga an manna wa wani ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a gwiwa da ƙugu da kafaɗa, yana tafiya ana ɗaukar hotonsa. Kunnensa kuma ya yi ta jin wata magana: santir da garabite. Da aka tashi ya tare wata ɗaliba ya tambaye ta ma'anarta.

Ta ce, "Baba, wurin da nauyin jikin mutum yake taruwa ne, kamar ka ce cibiyar nauyi. Muddin tana saitin tsakanin ƙafafunka, kana tsaye. Tana fita, ka faɗi. Mu kimanta inda take muke yi, don mu gane abin da ya ɓaci a tafiyar mara lafiya."

"Ai na sani," in ji Alassan. "Gwada ki nake yi."

Ranar da suka dawo Gaya, yana sauke kawu a ƙofar gida ya zarce teburin Isufu mai shayi, sanye da wata farar riga irin ta likitoci da ya tsinto a gwanjo, hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Fofo, mutanen Yamai!" in ji Isufu. "Yaya mai jiki?"

"Mai jiki ya warke, ni na ƙarasa musu aikin. Isufu, ina cibiyarka?"

Isufu ya ɗaga riga ya nuna.

"Wannan ta ungozoma ce. Ni cibiyar nauyi nake tambaya, santir da garabite."

"Wannan kuma a wace kasuwa ake sayar da ita?"

Masu shan shayi suka fashe da dariya. Alassan bai ji haushi ba, ya duba bancin ya hango Tanko, ƙanin matarsa Bibata. Tanko ɗan dako ne, shi ke loda buhunan albasa a kamiyo, ƙato mai wuya kamar turmi, kuma shi ne ɗan kokawar da unguwar ke ji da shi.

"Tanko, zauna daidai. Miƙe bayanka. Ƙafafu a gaba, kada ka ja su ƙarƙashin banci." Ya ɗora yatsa guda a goshin Tanko. "To, tashi."

Tanko ya yunƙura, bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa har jijiyoyin wuyansa suka fito, yana nan zaune. Alassan ya ga mushen Yamai ya yi wa ɗalibai wannan wasa, kuma sirrinsa bai wuce cewa mutum ba ya tashi daga zaune sai ya sunkuyo gaba ba. Amma ina, ba wanda ya san haka a wurin. Isufu ya yi ta zuba shayi a kofi har ya malala kan tebur.

"Yaya, asiri ne?" in ji Tanko.

"Ilimi ne. Na riƙe maka cibiyar nauyi da yatsa ɗaya. Da na so, a nan za ka wuni."

Tun daga ranar sunansa ya koma Alassan Garabite.

To, a lokacin an kusa kokawar fid da gwani, wadda a cikinta ake zaɓen waɗanda za su je Doso su wakilci Gaya. An haɗa Tanko da Ma'u na Bengu, dogo kamar giginya, wanda bara ya dasa shi a ƙasa har yashi ya cika masa kunne. Tun daga lokacin Tanko ba shi da buri sai ya rama, ya shiga motar Doso ana yi masa kiɗa. Don haka da Alassan ya ce zai auna masa cibiya ya gyara ta yadda ko kamiyo ba zai ture shi ba, Tanko ya ce ko yanzu.

Aiki yana bukatar katako. Alassan ya duba rumfarsa bai ga mai tsawon Tanko ba, sai ya je gida, ya tarar Bibata ta tafi famfo, ya ciro ƙyauren ɗakinsu ya aza a kai ya nufi kasuwa. Bibata ta dawo ta tarar da ɗaki a hangame, kaji sun hau gado suna hira. Ta bi sawu har kasuwa, tulu a ka, ta manta ba ta sauke ba.

Ta iske su a rumfar Hajiya Rahina mai sayar da albasa da garin rogo, wadda ita ce ke da babban balans na auna buhu. An ɗora gefen ƙyaure a kan balans, ɗaya gefen a kan bulo, Tanko ya miƙe a kai ba riga, 'yan kasuwa sun kewaye.

"Baban Khaulat, ƙyaurena ne wannan?" ta tambayi mijinta.

"Ƙyauren ilimi ne yau. Matsa baya, numfashinki yana motsa allura."

"Numfashina? Kaji suna kan gadona!"

"Kajin ma da cibiyarsu, za a zo kansu."

Hajiya Rahina ta ce, "Kai Alassan, yi ka gama, ina da masu jira. Ga allura ta tsaya, sai kuma me?"

Nan ne gizo ke saƙar. Alassan ya tuna mushe yana karanta allura, ya tuna yana rubutu a allo, amma abin da ke tsakanin karatun da rubutun bai shigo ta taga ba. Ya yi gyaran murya.

"Sai a ninka da tsawonsa. A'a, a raba. A raba da ƙyaure, a ninka da Tanko."

"A ninka ni?" in ji Tanko yana ɗaga kai.

"Kwanta! Ka ga ka motsa ta."

Ya sunkuya ya fara latsa cikin Tanko da yatsa, wai yana neman inda nauyin ya taru. Ashe Tanko, duk girmansa, ba ya jure cakulkuli. Ya fara ƙyalƙyala, ya naɗe kamar tabarma, ya buɗe, ya sake naɗewa. Allurar balans ta yi ta kai da komowa. Can sai aka ji ƙarar itace, ƙyauren ya rabe biyu, Tanko ya zauna daɓas a tsakiya, ɓarin da ke kan balans ya yi tsalle ya doki ƙwaryar garin rogo, gari ya tashi ya rufe Alassan fari fat daga hula har takalmi.

Hajiya Rahina ta rarumi tsintsiya. "Ku fita min daga rumfa! Albasa nake aunawa, ba mahaukata ba!"

Bibata ta sauke tulu, ta tsaya tana kallon mijinta yana tofar da gari. "To, an samo cibiyar?"

"An kusa. Ƙyauren ne ba na ilimi ba."

Da wani ne ya sha wannan kunya, da sai ya koma kan tayoyinsa. Alassan kuwa washegari ya ce balans ma tsohon yayi ne, manyan masana da gungura suke aiki: a kwantar da mutum a kan katako, a aza katakon a kan abu mai zagaye, a yi ta matsawa har kai da ƙafa su daidaita, inda ya tsaya cak nan cibiyar take. Ya kwantar da wani tano, wato gangar mai, da ba komai a ciki a gaban rumfarsa, ya lallashi Isufu ya ba da aron bancin shayi, aka kifa bancin a kan tano, Tanko ya hau.

Abin mamaki, wannan karon ya yi kamar zai yiwu. Aka matsa gaba, kai ya rinjaya. Aka matsa baya, ƙafa ta rinjaya. Aka ɗan taɓa kaɗan, sai ga Tanko yana lilo a sama, ba kai ba ƙafa a ƙasa. Direbobin kamiyo da ke jiran duwan suka yi tafi. Wani Bayarabe daga cikinsu ya ciro portabul, wayarsa ta hannu, yana ɗaukar hoto.

Tafin nan shi ya ja. Alassan ya ce bari ya hau ya nuna wa jama'a wurin da kyau. Ya taka gefen bancin da ke wajen ƙafafun Tanko, bancin ya duƙa, ya tsaya a kai yana jawabi da hannu biyu. Ana cikin haka ƙuda ya shiga hancin Tanko. Tanko ya yi wata atishawa da ta kori tsuntsaye daga bishiya, ya zame ya koma da dukan nauyinsa wajen kai. Gefen da Alassan ke tsaye ya yi sama.

Waɗanda suka gani sun ce bai daina magana ba har a cikin iska. Ya sauka a baron wani mai rake, rake ya watse a kwalta. Tanon kuwa ya samu kansa, ya kama gangara ya nufi gada yana ƙara kamar ganga, 'yan kabu-kabu suna kaucewa suna zagi da Zabarmanci da Dandanci da Hausa, har ya je ya tsaya a gindin shingen duwan. Wani ma'aikaci ya fito ya zagaya shi yana tambaya wa ke da wannan kaya da ya zo tsallaka iyaka ba takarda.

"Ka gani ko?" in ji Alassan, yana cire ɓawon rake daga wuyan riga. "Kafin atishawar nan, daidai nan take." Ya tsoma yatsa a gwangwanin farin fentin da ake rubuta wa kamiyo lamba, ya ɗiga a ƙasan cibiyar Tanko.

Da ya tsaya a ɗigo ɗaya da an huta. Amma da aka dawo da tano aka tokare shi da duwatsu aka sake gwadawa, Tanko ya miƙa hannuwa sama da kai, sai wurin ya matsa sama. Alassan ya ɗiga wani. Tanko ya naɗe ƙafa, wurin ya sake matsawa. Ya ɗiga wani. Tanko ya je ya shanye ƙwaryar fura ya dawo, Alassan ya rantse ta gudu hagu.

"Yaya, wai cibiyar nan yawo take yi?"

"Taka ce mara kunya. Ta mutanen Yamai zama take yi wuri ɗaya."

Sai kuma ya tuna da ɗigo-ɗigon da ya gani a gaɓoɓin ɗalibi, ya bi gwiwoyin Tanko da kafaɗu da ƙugu da idon sawu duk ya ɗiga, inda ya yi shakka ya ƙara biyu. Kafin la'asar Tanko ya koma baƙi mai fararen ɗigo-ɗigo tun daga wuya har ƙasa. Ya gangara kogi ya yi ta dirza da sabulu da yashi, fenti ya ce bai san zancen ba. Yana hawowa mata masu wanki suka bushe da dariya, wata ta ce, "Wa ya saki zabo a gari?" Kafin ya kai gida sunan ya riga shi isa.

Bibata ta tare mijinta a bakin ɗakin da yanzu zane ke rataye a ƙofarsa. "Ka karya min ƙyaure na yi shiru. Yanzu ka mai da min ƙane zabo. Wace yarinya za ta saurare shi a haka?"

"Wadda ta san ilimi."

"Innarmu ta ce in ka sake taɓa shi, da muciya za ta zo."

"Ki gaya wa Inna ta tanadi guɗa. Awo ya ƙare, saura gyara."

Gyaran kuwa shi ne babban shirin. Ya ja Tanko bayan rumfa ya yi ƙasa da murya.

"Me ya sa ba a ture turmi da sauƙi, amma ana ture taɓarya?"

"Don turmi ya fi nauyi."

"Don nauyinsa yana ƙasa! Ma'u taɓarya ne, cibiyarsa tana can wajen ƙirji. Kai kuma taka tana yawo. Za mu jawo ta ƙasa mu ɗaure ta, ka zama turmi."

"Da me za a ɗaure ta?"

"Da darma."

A bakin kogi akwai wani masunci maƙwabcinsu, Safiyanu, wanda ke shanya birginsa a kan karaga bayan ya dawo daga kamun kifi, irin tarun nan da ake jefawa ya buɗe, darmar da ke bakinsa ta ja shi ƙasa ya rufe kifi. Da azahar, Safiyanu yana masallaci, Alassan ya bi bakin birgin ya tsinke darmar kakaf ya cika aljihun farar riga. A ransa aro ne, zai mayar bayan kokawa, tambaya ce kawai bai samu sukunin yi ba. Ya kai wa baduku ya ce a ɗinke su cikin fata kamar layu, a jera a ɗamara da kambun cinya, tunda ba ɗan kokawar da ke shiga fili ba layu, ba mai tambaya.

Washegari da safe Safiyanu ya tsaya a bakin jirginsa ya jefa birgi. Birgin ya buɗe da kyau, ya tsaya a iska kamar mayafi, iska ta maido shi ya rufe mai shi. Aka fito da shi yana addu'a, ya ce mutanen ruwa sun cinye masa darma, ya sa aka yi sadakar waina.

Ranar kokawa, bayan la'asar, fili ya cika maƙil. Mutanen Bengu sun zo a kan sharet na shanu da babura, har daga Zabori an zo, ga 'yan Malanbil sun tsallako kallo. Makaɗa suna ta kiɗa, masu kirari suna ta zuga. Alassan ya kafa kujera a gaba cikin farar rigarsa, yana gaya wa na kusa da shi cewa su buɗe ido, yau za su ga aikin Yamai.

Ma'u ya shigo da tsalle, ya zaga fili yana rawa. Sai aka kira Tanko. Ya taso daga cikin mutanensa, fari-fari a jiki, layu jibge a ƙugu da cinyoyi, yana tafiya ƙafa a ware kamar agwagwa. Da ya zo buhunan yashin da suka kewaye fili, ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, ƙafa ta ƙi. Sai da ya kama cinyarsa da hannu biyu ya ɗauke ta ya ajiye a ciki, ya koma ya ɗauko ɗayar.

Mutanen Bengu suka ɗauki ihu. "Zabo ya yi ƙwai! Zabo ya yi ƙwai!"

Alƙalin wasa ya hura usur. Ma'u ya shigo da zafinsa ya rungumi ƙugun Tanko zai ɗaga. Tanko bai motsa ba. Ya sake ɗagawa har ya yi nishi, kamar mai jan kututture. Ya ja baya yana kallon hannuwansa. Fili ya ɗau sowa, wannan karon ta mutanen Gaya.

Alassan ya haye kan kujera. "Garabite! Na ce muku garabite! Turmi ne! Ku kira kamiyo ya gwada!"

Ma'u ya sa ƙafa zai harɗe, ya buga ƙaurinsa a kambun cinya, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana sosawa. Nan fa dama ta samu, Ma'u a ƙafa ɗaya, kowa na ihu, "Tanko, shiga! Shiga!" Tanko ya yunƙura zai shiga. Ƙirjinsa ya tafi, ƙafafu suka ce su ba inda za su. Ya yi ta wulwula hannu kamar mai korar kaji har ya samu ya dawo tsaye.

Ma'u ya lura. Ya daina sosa ƙauri, ya taka a hankali ya zagaya ta bayan Tanko. Tanko ya juya wuya, ya juya kafaɗa, ƙugu ya ƙi biyo su. Ma'u ya tsaya a bayansa, har ya ɗan gyara ɗamararsa, sannan ya kama kafaɗun Tanko ya jawo baya kamar mai kwantar da ƙofar kamiyo. Tanko ya zauna a ƙasa, ƙasa ta amsa. Ɗamarar ta tsinke, ɗinkin baduku ya farke, darma ta watsu a yashi tana walƙiya.

 Sai wata murya ta tashi daga cikin taro.

"Darmata!" Safiyanu ne, ya tsallake buhunan yashi ya durƙusa yana tsinta. "Wallahi darmata ce, ga inda na datse ta da haƙori! Har sadakar waina na yi!"

Alassan ya sauko daga kujera a hankali, ya fara ja da baya. Bai yi nisa ba ya ji ya jingina da wani abu mai laushi. Hajiya Rahina ce, Isufu a damanta, Bibata a hagunta. Suka tura shi cikin fili.

Tanko ya tsinke sauran kambun ya yar, ya miƙe. Idanunsa sun yi ja. Ya sa hannu ɗaya a wuyan farar riga, ɗaya a mazagin wando, ya ɗaga Alassan sama da kansa, ya kwantar da shi a kan tafin hannu guda kamar faranti. Ya fara zaga fili da shi, makaɗa suka bi bayansu da kiɗa, jama'a suna faɗuwa don dariya.

Wani a wannan hali sai ya nemi gafara. Alassan ya leƙo ƙasa, ya ga dubban idanu a kansa, zuciyarsa ta ce ba a taɓa tara masa masu sauraro irin haka ba.

"Jama'a, ku duba da kyau! Abin da nake gaya muku ke nan! Hannu ɗaya ya ɗauke ni saboda yana kusa da cibiyata!" Ya ƙwanƙwasa kan Tanko. "Amma ba daidai ka riƙe ba. Tawa ba nan take ba. Matsa ƙasa."

"Yaya, ka yi shiru."

"Ni zan san cibiyata ko kai? Matsa ƙasa, wajen cinya!"

Tanko ya matsar da hannu.

"Ƙara!"

Tanko ya ƙara. Alassan ya buɗe baki zai ce yauwa, sai kansa ya rinjaya, ƙafafu suka yi sama, ya sulmiyo ya dasa kai a cikin yashi, takalmansa suna harbin iska. Makaɗa suka kasa kiɗa. Alƙalin wasa ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki, usur yana ƙara da kansa a bakinsa.

Ma'u ne ya zo ya zaro shi, yana share hawayen dariya. Sannan ya juya wajen alƙali ya ce shi bai yarda da wannan kaye ba. Da Tanko aka haɗa shi, ba da birgin Safiyanu ba, kuma ba zai koma Bengu a ce ya kayar da kayan kamun kifi ba. A sake. Manya suka yi shawara, suka ce a sake.

Tanko da ya rabu da darma ji ya yi kamar an sauke masa buhun albasa. Ga haushi, ga kunya, duk suka taru a damtsensa. Suka sarƙe da Ma'u, suka zaga fili, suka dawo, ƙura ta tashi, har makaɗa suka fara gajiya. Can Tanko ya nutsa ƙasa ya kama ƙafar dogon, ya tashi da shi, ya shimfiɗe shi a yashi. Gaya ta ɗauka gaba ɗaya. Aka ɗaga Tanko a kafaɗu, fentinsa yana ƙyalli da gumi, mata suna guɗa, har wadda ta fara ce masa zabo.

Alassan yana zaune a kan buhun yashi, wuyansa ya karkace gefe, yashi a gemu, yashi a kunne. Ya kama rigar wani baƙo ɗan Malanbil da ke wucewa.

"Ka ga yadda ya nutsa ƙasa? Ka ga inda ya kama? Ni na koya masa. Darmar nan ta horo ce, da ma shirin ke nan, a sa a cire."

Baƙon ya dubi Bibata. "Hajiya, gaskiya ne?"

Bibata ta kama hannun mijinta ta tashe shi, ta karkaɗe masa yashin baya da ƙarfin da ya wuce na karkaɗewa.

"Malam, ka ga har ya fara magana? To da sauƙi. Tashi mu je, Baban Khaulat, Safiyanu yana jiranka a bakin kogi da allura da zare. Yau sai ka mayar masa da kowace ɗaya a inda ka cire ta."

Alassan ya bi ta, kai a karkace, yana kallon sama da ido ɗaya. Sun kusa fita daga fili aka ji yana cewa, "Ai birgin nasa ma ba a jera darmar daidai ba. Bari in je in nuna masa."